Likitan makaranta, idon iyaye a cikin aji

 A wannan fitowa za mu yi magana a kan lafiyar yaranmu ƴan makaranta, da ma'aikacin da aka ɗora wa nauyin kula da ita.

Mu duba yadda muke yi da yaro tun daga haihuwa. Uwa tana kai shi awo. Ana yi masa allurar rigakafi, ana rubutawa cikin karne. Da damina masu rabon magani suna bi gida gida, suna bai wa yara daga wata 3 zuwa shekara 5 maganin kariya daga zazzaɓin sauro. A shekarar 2006 gwamnati ta ɗauke kuɗin magani ga yara ƴan ƙasa da shekara 5. Amma da yaro ya wuce shekara 5, sai ido ya ɗauke daga kansa. Karne ya shige ƙasan akwati, uwa ta koma kan ƙanensa. A lokacin ne kuma ake rubuta shi makaranta, inda zai yini cikin yara masu yawa, su zauna kafaɗa da kafaɗa, su sha ruwa da moɗa ɗaya. Wa zai duba lafiyarsa a can? Wannan giɓi shi ne likitan makaranta yake cikewa.

Wane ne likitan makaranta?

Malamin jinya ne, namiji ko mace, irin wanda muke tararwa a gidan likita. Wasu suna ce masa anfirme, mutanen gari kuma suna ce masa likita kawai. Ya yi shekara 3 yana koyon aikin, a makarantu irin makarantar koyon aikin lafiya ta gwamnati da ke Yamai da wadda ke Damagaram. Wurin aikinsa ɗaki ne a cikin makaranta, da gadon gwaji, da ma'auni, da akwatin magani, da babban littafi inda yake rubuta sunan duk yaron da ya zo da abin da ya kawo shi.

A ƙasarmu an fi samunsa a manyan lise, da makarantun kwana, da jami'o'i. Mafi yawan ƙananan makarantun ƙauye ba su da shi. Duk da haka ya kamata mu san aikinsa, domin inda babu shi, aikin bai faɗi ba. Yana nan yana jiran majo na gidan likita, da malamai, da mu iyaye.

Bambancinsa da likitan gari shi ne: likitan gari yana jiran maras lafiya ya zo. Likitan makaranta shi ke zuwa wurin yara, har waɗanda ba su ce suna ciwo ba.

Awon farkon shekara

Da an buɗe makarantu a watan Oktoba, babban aikinsa shi ne ya duba yara ɗaya bayan ɗaya, musamman sababbin shiga.

Yana fara da ido. Yakan manna takarda mai alamomi manya da ƙanana a bango, ya tsayar da yaro nesa da ita kamar mita 5, ya rufe masa ido ɗaya, ya ce ya faɗi abin da yake gani. Daga nan ya rufe ɗayan. Aikin bai wuce ƴan mintoci ba, amma yana iya sauya rayuwar yaro. Yaron da ba ya gani daga nesa bai san cewa sauran yara sun fi shi gani ba, domin haka ya tashi ya tarar da duniya. Yana zaune a bayan aji, rubutun allo ya zame masa hazo. Sai ya kwafi kuskure, ko ya leƙa littafin maƙwabcinsa, a ce ya yi satar amsa. A gida a ce masa daƙiƙi. Bayan shekara 2 ko 3 a cire shi, a ce ba shi da kan karatu. Alhali maganinsa shi ne a maido shi layin gaba, a kai shi wurin likitan ido a yanka masa tabarau.

Haka zancen kunne yake. Likita yana tsayawa bayan yaro ya yi masa raɗa, ya ce ya maimaita. Yana leƙa kunnen ko yana zubar da mugunya. Kunnen da ya daɗe yana zuba yana rage ji, kuma yaron da ba ya jin malami sosai, shi ake kira mai taurin kai.

Sannan ya auna tsawo da nauyi. Ya buɗe fatar ido ta ƙasa, ya duba tafin hannu: idan sun yi fari fat, alamar ƙarancin jini ce. Ya duba kai ko akwai makero, ya duba tsakanin yatsu ko akwai ƙazuwa, domin waɗannan suna bin yara daga wannan zuwa wancan.

A ƙarshe yana tambayar iyaye ciwon da yaro yake ɗauke da shi tun da daɗewa: farfaɗiya, ko fuka, ko amosanin jini wanda a birni ake kira emasi. A nan muna roƙon iyaye kada su ɓoye. Yaro mai amosanin jini yana bukatar shan ruwa da yawa, da rigar sanyi lokacin ɗari, kuma ba a tilasta masa gudu cikin rana. Idan malami bai sani ba, zai hana shi fita shan ruwa, ya sa shi gudu tare da sauran, daren nan a kwana ana kuka.

Kowane lokaci da ciwonsa

Manomi ya san aikin kowane wata. Haka likitan makaranta ya san ciwon kowane lokaci, yana shirya masa tun bai zo ba.

Da kaka, lokacin buɗe makaranta, sauron damina bai gama tafiya ba. Zazzaɓi ne ya fi yawa. Yaron da ya kifa kansa a kan tebur, jikinsa da zafi, likita yana ɗiban ɗigon jini daga yatsarsa ya gwada. Cikin minti 15 zuwa 20 an san ko zazzaɓin sauro ne. Idan shi ne, maganin kwana 3 ne, kuma sai an shanye shi duka ko da yaro ya ji sauƙi tun ranar farko. Idan gwaji ya nuna ba shi ba ne, sai a nemi wani dalili, domin ba kowane zafin jiki ne na sauro ba.

Da ɗari, iska da ƙura suna kawo mura da tari da ciwon ido. A cikin ciwon ido akwai amodari, wanda ya daɗe yana addabar ƙauyukan jihohin Damagaram da Maraɗi da Difa. Ƙuda ne ke ɗaukarsa daga idon wannan zuwa na wancan, haka ma hannu da tsumman share fuska. Idan ya yi ta kama mutum tun yana yaro, da girma gashin ido yana juyawa ciki, ya riƙa kartar ƙwayar ido har ta mutu. Rigakafinsa yana hannun kowa: a wanke wa yaro fuska da ruwa da sabulu kowace safiya kafin ya tafi makaranta.

Daga ƙarshen ɗari zuwa faɗuwar ruwan farko, lokacin sanƙarau ne. Ga alamunsa: zafin jiki mai tsanani da ya zo farat ɗaya, ciwon kai mai ƙarfi, amai, wuya ya sandare har yaro ya kasa kai haɓarsa ga ƙirji, ƙin haske, da ruɗewa. Wannan ciwo yana iya kashe yaro cikin kwana 1 ko 2, wanda ya tsira kuma wani lokaci ya rasa jinsa. Ba a jira gari ya waye. Likitan makaranta yana aika yaron gidan likita nan take, ya sanar da shugabannin kiwon lafiya, ya sa ido kan sauran ƴan ajin. Ba mu manta da shekarar 2015 ba, lokacin da mutum fiye da 8,000 suka kamu a ƙasarmu, fiye da 500 suka rasu, har aka rufe makarantun Yamai na ƴan kwanaki a watan Afrilu. Wani zai ce: ai an yi mana allura a 2010 da 2011. Gaskiya ne, amma waccan allura tana tare iri ɗaya ne na ƙwayar cutar, wanda ya zo a 2015 kuwa wani iri ne dabam. A 2024 aka fara aiki a ƙasarmu da sabuwar allura mai tare iri 5. Saboda haka duk ranar da masu allura suka zo makaranta, kada mu ce yaronmu ya riga ya yi.

Fitsarin jini ba alamar girma ba ne

Da zafi ya tsananta, yara suna faɗawa tabki da gulbi da magudanar ruwan noman rani. A nan tsargiya take jiransu. An fi samunta a bakin kogin Kwara inda ake noman shinkafa, da kewayen madatsun ruwa irin na Ƙonni, da ƙauyukan da ke da tabkin da ba ya ƙafewa.

Ga yadda take yaɗuwa. Mai ciwon ya yi fitsari a cikin ruwa, ƙwan tsutsar ya fita tare da fitsarin. Ƙwan ya ƙyanƙyashe, ya shiga jikin wata ƙaramar katantanwa, ya girma, ya fito cikin ruwa. Ido ba ya ganinsa. Da yaro ya shiga wanka, sai ya huda fatarsa ya shige jini, ya je ya zauna a jijiyoyin mafitsara. Bayan ƴan watanni yaro ya fara ganin jini a ƙarshen fitsari.

A wasu garuruwa an saba da abin har ana cewa alamar balaga ce ga ɗa namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Yaron yana zubar da jininsa kullum kaɗan kaɗan, ya rame, ya riƙa gyangyaɗi a aji. Idan aka bar ciwon shekara da shekaru, yana lalata mafitsara da ƙoda, yana kuma iya hana haihuwa. Ƴan mata ma suna kamuwa, wajen wanki da ɗiban ruwa, amma kunya tana hana su faɗi.

Tun shekarar 2004 aka fara rabon maganin tsargiya da na tsutsar ciki ga ƴan makaranta a ƙasarmu. Ana tsayar da yaro jikin wata sanda mai zane, tsawonsa ya nuna yawan ƙwayoyin da zai sha. Likita ne ke koya wa malamai wannan aiki, shi ne kuma ke tsayawa ranar rabo. Abu ɗaya ake nema daga uwaye: ranar nan kada yaro ya fita da ciki wayam. A ba shi fura ko koko ko ɗumame. Maganin yana iya sa jiri ko murɗar ciki na ɗan lokaci, musamman ga wanda bai ci komai ba, amma yana wucewa. Kada jita-jita ta sa mu ɓoye yaranmu a gida.

Taimakon gaggawa

Inda yara suka taru ba a rasa faɗuwa da rauni. Ga abin da likitan makaranta yake yi, kuma kowane uba da kowace uwa za su iya yin irinsa:

1. Rauni: a wanke da ruwa mai tsabta da sabulu, a rufe da ƙyalle mai tsabta. Kada a zuba ƙasa, ko toka, ko kashin shanu, domin ta nan ciwon sandarewar jiki da ake kira tetanos yake shiga.

2. Haɓo: yaro ya zauna, ya sunkuyar da kai gaba, a matse hancin minti 10. Ba a ɗaga kai sama, kada jinin ya koma maƙogwaro.

3. Ƙuna: a yi ta zuba ruwa mai sanyi kamar minti 20. Kada a shafa ƙwai, ko tawada, ko man goge baki. Idan ƙunar tana da faɗi, ko a fuska take, a tafi gidan likita.

4. Cizon kare: a wanke wurin da ruwa da sabulu minti 15, a tafi gidan likita ranar nan, ko da cizon ƙarami ne. Haukan kare idan ya bayyana a jikin mutum ba ya jin magani, amma allura tana tare shi idan an yi ta da wuri.

5. Zawo: a kaɗa ƙunshi ɗaya na garin gishiri da sukari na gidan likita cikin lita 1 ta ruwa mai tsabta, yaro ya riƙa kurɓa.

6. Farfaɗiya: a kawar da abin da zai ji masa rauni, a sa masa abu mai laushi ƙarƙashin kai. Da jijjigar ta lafa a kwantar da shi ta gefe. Kada a danne shi, kada a cusa masa cokali ko ruwa a baki. Idan ta wuce minti 5, a kai shi gidan likita.

Mu ƙara magana a kan farfaɗiya. Ba a ɗaukarta ta miyau, ko ta taɓa jiki, ko ta cin abinci tare. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, kuma akwai maganin da ake sha kullum wanda yake tsayar da faɗuwa ga mafi yawan masu shansa. Yaro mai farfaɗiya yana iya karatu kamar kowa. Likitan makaranta yakan shiga aji ya bayyana wa yara haka, domin su daina gudun ɗan'uwansu.

Ƴan mata da samari

A kolej da lise, yara suna kai wa likita maganar da ba za su iya faɗa wa iyaye ba. Yarinyar da al'ada ta fara zo mata tana cikin aji, ba ta san abin da ya same ta ba, ko ba ta da ƙyalle, ko babu salanga mai ƙofa inda za ta gyara jikinta. Irin wannan yarinya takan zauna gida kwana 3 ko 4 kowane wata. Darasi ya wuce ta, jarrabawa ta kayar da ita, daga nan sai a ce aure ya fi mata. Likita mace, ko wata malama da aka koya wa, tana bayyana mata cewa wannan lafiya ce, ta nuna mata yadda za ta tsabtace kanta, ta ba ta maganin ciwon mara. Tana kuma duba ƙarancin jini, ta ba da ƙwayar ƙarin jini idan da bukata, ta ba da shawarar cin zogale, da wake, da yakuwa, da hanta in an samu.

Samari kuma abin tsoro gare su shi ne ƙwaya, irin tramol da ake saye a hannun masu tallar magani a titi. Yaro yana farawa da cewa zai kore gajiya ko ya kwana yana karatu, ya wayi gari ba ya iya rabuwa da ita. Tana sa faɗuwa da jijjiga kamar farfaɗiya. Likita yakan gane alamar da wuri, ya zaunar da yaron ya yi masa magana a asirce. Riƙe sirri sharaɗi ne na aikinsa. Idan yara suka ji maganarsu a bakin gari, ba wanda zai sake taka ƙofar ɗakinsa. Amma idan rai yana cikin haɗari, wajibi ne ya kira iyaye.

Ruwa, salanga da abinci

Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Saboda haka likitan makaranta ba ya zama a ɗaki kawai. Yana zagayawa ya duba randar ruwa ko tana da marfi, ko ana wanke ta. Ya duba salanga, ta maza dabam, ta mata dabam, da ruwa da sabulu a bakinta. Inda babu famfo, bido mai ƙaramar huda da aka rataya a icce ya isa wanke hannu. Ya je wurin masu sayar da ƙosai da awara da fanke a ƙofar makaranta, ya roƙe su su rufe abinci saboda ƙuda da ƙura. Inda ake dafa wa yara abinci, ya leƙa madafa da rumbun ajiya. Abin da yaro ya koya a nan, shi zai kai gida ya koya wa ƙannensa.

Inda babu likita a makaranta

Wannan ita ce tambayar mafi yawanmu mazauna karkara. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma gari yana iya yin abubuwa huɗu ba tare da jiran kowa ba.

Na farko, kwamitin kula da makaranta, wato Kojes, tare da direkta da ƙungiyar uwaye, su je wurin majo na gidan likita mafi kusa. Su roƙe shi ya sa ranar da zai zo ya duba yara, ko sau ɗaya ne a farkon shekara, ya kuma dawo kafin zafi. Idan man babur ne matsala, gari ya haɗa.

Na biyu, a zaɓi malami ɗaya da malama ɗaya ko wata dattijuwa, majo ya koya musu taimakon gaggawa da alamun haɗari.

Na uku, a tanadi ƙaramin akwati: sabulu, auduga, bandeji, maganin wanke rauni, ma'aunin zafin jiki, garin gishiri da sukari, da ƙyallen mata. Bayan girbi, tiya ɗaya ta hatsi daga kowane gida tana iya cika shi. Kada malami ya yi allura, kada ya ba da maganin da likita bai ce ba.

Na huɗu, a san tun yau wa zai ɗauki yaro idan ciwo ya tashi ana cikin darasi: mai babur ko mai amalanke, da lambar wayarsa a rubuce a ofishin direkta, da ɗan kuɗin da aka ajiye domin haka. Ranar sanƙarau ba ranar neman bashi ba ce.

Nauyin da ke kanmu iyaye

Likita yana ganin yaro ƴan mintoci, mu muke kwana da shi. Mu ba shi abin kari kafin ya fita, domin ciki da yunwa ba ya riƙe karatu. Ya kwana cikin gidan sauro kamar ƙanensa. Mu fito da karnensa daga akwati mu kai ranar awo. Idan yana da zafin jiki, ko ƙuraje, ko jan ido mai kwantsa, mu kai shi gidan likita maimakon aji, kada ya raba wa sauran. Idan an aiko mana da takarda cewa a kai yaro babban gidan likita, mu kai shi cikin makon nan, kada takardar ta kwana a aljihu har ta yage.

Kuma kafin mu ce yaro ba shi da ƙoƙari, mu tambayi kanmu: yana ganin allo? Yana jin malami? Ya ci abinci? Jininsa ya isa? Yaro da yawa da aka cire daga makaranta, ciwon da ba a gani ba ne ya cire shi.

Lafiya uwar jiki. A taron iyaye na gaba, a samu wanda zai miƙe ya tambaya: yaushe likita zai zo ya duba yaranmu?